An Kulle Mini Akawun na Dandalin Karatu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk farkon zangon karatu, da kuma makon gwaje-gwaje, layin da ke ƙofar ofishinmu na ICT, mai kula da kwamfuta da intanet na makaranta, ba ya canzawa: ɗalibai riƙe da waya, kowa na cewa dandali ya ƙi shi. Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, darussa da aikin gida da gwaji suka koma intanet a wurare da yawa, sai wannan matsala ta zama ta kullum. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda muke ta ji. Mafi yawan bayanin ya shafi Moodle, wani tsarin gudanar da karatu ta intanet, domin shi ne jami'o'i da kwalejoji da dama suka ɗora dandalinsu a kai, amma mun taɓo Google da Microsoft a inda tsarinsu ya bambanta.

Me ake nufi idan an ce an kulle akawun?

Ana nufin dandalin ya daina karɓar shiga da sunanka na wani lokaci, saboda an shigar da kalmar sirri ba daidai ba sau da yawa a jere. Ba mutum ne ya zauna ya kulle ka ba, na'urar ce da kanta. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne, muddin kullen yana nan, ko ka rubuta kalmar sirrin daidai ba za ta shiga ba. A wasu dandalin ma saƙon da za ka gani shi ne wanda aka saba gani idan an yi kuskure, sai ka ɗauka har yanzu kai ne ba ka tuna ba, ka ci gaba da sauya kalmomi har ka manta ta gaskiyar.

Akawun nawa ne, me ya sa za a hana ni shiga?

Domin dandalin ba ya ganin fuskarka. Abin da yake gani kawai wani yana ta ƙwanƙwasa ƙofa da makullan da ba su dace ba. Ka tuna katin ATM: idan aka kuskure lambar sirri sau 3, banki ya rufe katin. Lamba mai gurbi 4 hanyoyi 10,000 kacal gare ta, kuma da za a bar kwamfuta ta yi ta gwadawa ba iyaka, da ba ta daɗe ba za ta dace. Sunan shiga na ɗalibi kuwa ba asiri ba ne, galibi lambar rajistarsa ce, wadda ke manne a allon sanarwa. Kullen ne ke tsaye tsakanin makinka da duk wanda ya karanta allon nan.

Sau nawa zan kuskure kafin a kulle ni, kuma har tsawon wane lokaci?

Kowace makaranta da nata. Moodle, wanda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fara fitarwa a 2002, yana zuwa ne ba tare da an kunna kullen ba. Masu kula da dandalin makaranta su ke kunnawa, su zaɓi adadin kuskuren da za a yarda da shi. Akwai saiti uku: adadin kuskure, tazarar lokacin da ake ƙirga kuskuren a cikinta, da tsawon kullen. Biyun ƙarshe suna zuwa ne a kan minti 30 kowanne idan ba a taɓa su ba. Ma'ana, idan ka kuskure sau biyu ka bari rabin awa ta wuce, ƙirgen ya goge. Haka ma idan ka shiga daidai sau ɗaya. Sai dai makaranta na iya saita kullen ya zauna ba wa'adi, har sai an buɗe ta imel ko ta hannun ma'aikaci.

A akawun na makaranta da ke ƙarƙashin Microsoft, tsarin da aka saba shi ne kuskure 10 ya jawo kulle na minti 1, sannan duk kuskuren da ya biyo baya ya ƙara tsawon lokacin. Shi ya sa wanda ya ƙi haƙuri da minti ɗaya yake ƙarewa da jira mai tsawo.

To yanzu an kulle ni. Me zan fara yi?

Ka cire hannunka daga wayar. Wannan shi ne abin da ya fi komai amfani, kuma shi ne ɗalibai suka fi kasa yi. Ka duba agogo, ka ɗauki hoton allon da saƙon da ya fito, sannan ka buɗe imel ɗin da aka yi maka rajista da shi. Moodle yana aika saƙo nan take idan ya kulle akawun, da mahaɗin da za ka latsa ya buɗe ba tare da jira ba. Idan ka tabbata ka san kalmar sirrinka, wannan ya isa.

Idan kana kokwanto, kada ka yi caca da ita. Ka latsa wurin da ke ƙarƙashin akwatin shiga na wanda ya manta kalmar sirri, ka sa sunan shigarka ko imel ɗinka, ɗaya daga ciki. Sake kalmar sirri ta wannan hanya yana ɗage kullen a Moodle. Mahaɗin da za a aiko yana da wa'adi, galibi minti 30, don haka kada ka nema da safe ka ce sai dare za ka buɗe. Kuma idan har yanzu kana ciki a wata na'ura, kamar manhajar da ke wayarka, kada ka fita: a Moodle kullen sabuwar shiga yake hanawa, ba ya korar wanda ya riga ya shiga.

Wallahi kalmar sirrina daidai take, amma ta ƙi. Me ke faruwa?

Mun yarda da kai, domin sau da yawa kanka ya tuna daidai, yatsa ko allon rubutu ne suka saɓa. Kalmar sirri tana bambanta babban baƙi da ƙarami, saboda haka Caps Lock a kunne ya isa ya ɓata komai. Wanda ya kwafo kalmar daga WhatsApp ko daga saƙon waya yakan haɗo da fili a ƙarshe, wanda ido ba ya gani amma na'ura ta ƙirga shi a matsayin harafi. Akwai kuma haruffan da ke kama da juna, musamman a kalmar wucin gadi da ofis ya buga maka a takarda: sifili da babban O, lamba 1 da ƙaramin l da babban I.

Mu Hausawa muna da namu tarkon. Ɗalibi zai sa ƙ ko ɗ ko ɓ a kalmar sirrinsa daga wayarsa, ranar gwaji ya zauna gaban kwamfutar makaranta ya rasa inda zai same su, ya rubuta k ko d ko b, dandali ya ƙi. 'Yan uwanmu na Nijar da ke karatu a nan, ko namu da suka tsallaka Maraɗi ko Yamai, suna gamuwa da wani: allon rubutu na Faransanci ya musanya gurbin A da Q, da na Z da W, kuma lambobin da ke jerin sama ba sa fitowa sai an danne Shift. Wanda ya saba rubutu ba tare da kallo ba sai ya yi ta kuskure bai sani ba.

Sannan ka duba sunan shigar. A saitinsa na asali Moodle ba ya karɓar alamar nan ta / a cikin suna, don haka makarantu da yawa suna cire ta daga lambar rajista ko su maye gurbinta da wani abu. Kuma kada ka haɗa dandalin karatu da shafin rajista da biyan kuɗi. A makarantu da dama gidaje biyu ne daban, kowanne da makullinsa.

Na nemi a aiko mini saƙon imel, shiru. Ya zan yi?

Ka fara duba akwatin Spam, da ɓangaren Promotions idan Gmail ne, domin saƙon na'ura can yake yawan faɗawa. Ka duba ko akwatinka ya cika. Google yana ba da gigabait 15 ne kyauta, kuma hotuna da ajiyar Drive duk daga ciki suke ci, idan ya cika saƙo ba ya shiga. Ka ba shi kamar minti goma.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani: Moodle ba ya gaya maka ko sunan da ka sa yana nan ko babu. Ko ka rubuta imel ɗin da bai taɓa gani ba, zai ce maka idan bayanin daidai ne an aika saƙo. An yi haka ne don kada baƙo ya gane sunayen da ke cikin dandalin. Don haka ganin wannan rubutu ba shaida ba ce cewa an aika. Idan ka gwada da imel bai zo ba, ka gwada da sunan shiga sau ɗaya. Idan shi ma shiru, to wataƙila imel ɗin da ke jikin akawun ɗinka ba wanda kake dubawa ba ne, sai ka karanta amsar da ke biye.

Mai kafe ne ya buɗe mini imel lokacin rajista, ban san kalmar sirrinsa ba. Akwai mafita?

Wannan ita ce tushen mafi yawan wahalar da muke gani, kuma tana damunmu ƙwarai. Yaro ya je kafe cike fom ɗin JAMB ko rajistar shiga makaranta, ana sauri, mai kafe ya buɗe masa imel a tsaye, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa shi kansa ko imel ɗin shagon. Shekara biyu ba abin da ya faru. Ranar da aka kulle akawun, makullin yana hannun mutumin da ƙila ya tashi daga shagon. Idan kuma imel ɗaya aka sa wa ɗalibai da yawa, neman sake kalmar sirri ta imel ba zai yi aiki ba, tunda dandalin bai san wa ake nufi ba.

Mafitar ita ce ka buɗe sabon imel da hannunka, da layin wayar da ke da rajista da NIN ɗinka, ka kai ofishin ICT da katin shaidarka su sauya shi a jikin akawun. Kada ka jira sai an kulle ka. Yau ɗin nan ka shiga bayananka a dandali ka ga wane imel ne a rubuce. Haka batun layi: idan wayarka ta ɓace, ka je ka yi welkam bak da wuri, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake sayar da shi, kuma duk lambar tabbatarwa da za a aiko maka ta koma hannun sabon mai shi.

Mu da imel ɗin makaranta muke shiga, na Google ko na Microsoft. Hanyar ɗaya ce?

A'a. Idan shafin shiga yana tura ka zuwa Google ko Microsoft kafin ya dawo da kai, to kalmar sirrinka ba a dandalin karatu take ba, kullen ma can yake. Neman sake kalma daga cikin Moodle ba zai taɓa ta ba. A Google Classroom, dandalin karatu na Google wanda aka fara a 2014, akawun ɗin makaranta yana ƙarƙashin mai kula da shi a makarantar. Shi ke iya sake maka kalmar sirri, kuma idan Google ya tsare ka da tambayar tabbatarwa da ba za ka iya amsawa ba, yana da ikon ɗage ta na minti 10 ka samu ka shiga. A Microsoft akwai shafin sake kalmar sirri da kanka, amma sai idan makarantar ta kunna shi kuma ka riga ka yi rajistar lambar waya ko wani imel tun kafin matsalar.

Ka lura kuma da wayar da ke ɗauke da akawun fiye da ɗaya. Sau tari Classroom ba kulle ka ya yi ba, da Gmail ɗinka na gida kake ƙoƙarin shiga ajin da na makaranta kawai yake karɓa.

An buɗe mini da safe, kafin azahar an sake kullewa, alhali ban taɓa komai ba.

Wata na'ura ce ke gwadawa a madadinka. Ka sake kalmar sirri, amma tsohuwar tana nan a ajiye a burauzar wayarka, tana cika akwatin da kanta kana latsawa ba ka duba ba. A makarantun da kalma ɗaya ke buɗe imel da Wi-Fi da dandali, abin ya fi tsanani: manhajar imel a tsohuwar waya, ko Wi-Fi ɗin makaranta da aka ajiye a laftof, suna ta aika tsohuwar kalmar kai ba ka sani ba, har adadin ya cika. Ka bi duk na'urar da ka taɓa shiga da ita, har wayar abokin ɗakinka da ka ara, ka goge kalmar da aka ajiye, ka sa wayar ta manta da Wi-Fi ɗin ka sake haɗawa. Idan ka yi duk wannan bai daina ba, ka duba amsar da ke magana kan wanda ke kulle mutum da gangan.

Idan zan je ofishin ICT, me zan riƙe? Za su iya gaya mini tsohuwar kalmar?

Ka riƙe katin shaidar makaranta ko takardar rajista mai hotonka, da lambar rajistarka, da hoton allon da ka ɗauka, da wayar da imel ɗinka ke ciki. Ka zo da kanka. Muna ƙin sake kalmar sirri ta waya ko ta hannun aboki, ba don wulaƙanci ba, sai don duk wanda ya iya kwaikwayon muryarka zai iya karɓe akawun ɗinka. Idan kana nesa, ka rubuta ta adireshin da makarantar ta sanar a shafinta, ka faɗi sunanka, lambarka, sashenka, lokacin da abin ya faru da saƙon da ka gani. Kada ka rubuta kalmar sirrinka a ciki.

Tsohuwar kalmar kuwa babu mai iya gaya maka ita. Dandalin ba ya ajiye ta yadda ka rubuta, yana dagula ta ne ta hanyar lissafin da ba a warware shi baya. Abin da ma'aikaci ke iya yi biyu ne: ya ɗage kullen, ko ya sa maka kalmar wucin gadi wadda za ka canza da zarar ka shiga.

Wa'adin miƙa aiki ya kusa cika, ko gwaji ya fara, ga shi ina kulle. Malamina zai iya buɗe mini?

Malami ba shi da ikon buɗe akawun, wannan aikin masu kula da dandali ne. Amma yana da ikon da ya fi maka amfani a wannan lokacin: a Moodle yana iya ƙara wa ɗalibi ɗaya wa'adin miƙa aiki, yana kuma iya sake buɗe masa gwaji shi kaɗai. Don haka ka sanar da shi kafin wa'adin ya cika, ba bayan kwana biyu ba. Ka tura masa hoton allon mai nuna lokaci, in da hali ka haɗa da aikin da ka gama, domin ya ga ba dabarar neman ƙarin lokaci ba ce. Dandalin yana rubuta duk yunƙurin shiga da bai yi nasara ba tare da lokacinsa, ofishin ICT na iya tabbatar masa da maganarka.

Idan ka riga ka fara gwaji mai ƙayyadadden lokaci sannan ka fita, ka sani agogon yana ci gaba da tafiya a can ko da wayarka ta mutu. A irin wannan hali kada ka zauna jiran minti 30, ka nemi mai sa ido ko ofishin nan take. Shawararmu kullum ita ce ka gwada shiga tun daren jajibirin gwaji.

Ayyukana da makina sun ɓace ke nan?

Ba abin da ya taɓa su. Ƙofa aka rufe, kayan ɗaki suna nan yadda ka bar su. Kada dai ka buɗe sabon akawun don ka kauce wa kullen, domin darussanka da makinka ba za su bi ka can ba.

Wani zai iya kulle ni da gangan? Ta yaya zan gane ko an shiga akawun ɗina?

Zai iya, tunda lambar rajistarka kawai yake buƙata ya yi ta rubuta shirme. Wannan shi ne raunin tsarin, kuma shi ya sa ake sa kullen ya ɗage da kansa bayan ɗan lokaci. Idan saƙon kulle ya zo maka a lokacin da kake barci ko kake aji, kada ka share shi. Ka kai rahoto. Ma'aikata na iya ganin lokutan da aka yi yunƙurin da adireshin intanet ɗin da aka yi daga gare shi.

Kulle alama ce ta cewa mai gwadawa bai dace ba. Abin tsoro shi ne ka ga an canza imel ɗin da ke bayananka, ko an miƙa aikin da ba kai ka miƙa ba, ko kalmarka ta daina aiki ba tare da wani kulle ba. A nan sai ka canza kalmar sirrin imel ɗinka tukuna, sannan ta dandali, ka sanar da ofis a ranar.

An turo mini saƙo cewa in latsa wani mahaɗi ko in biya kuɗi a buɗe mini. Gaskiya ne?

Saƙon gaskiya yana zuwa ne daidai lokacin da aka kulle ka ko ka nema da kanka, kuma mahaɗinsa yana kai ka adireshin dandalin makarantarku, harafi da harafi. Wanda ya faɗo a zauren WhatsApp na aji, ko wanda ke cewa za a goge akawun ɗinka cikin awa 24, ko mai neman kalmar sirrinka ta yanzu, na 'yan damfara ne. Ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatar kalmarka domin ya buɗe maka. Idan wani ya ce ka tura kuɗi akawun ɗinsa na banki zai gyara maka ta bayan fage, ka kai maganar ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Ɗiyata ce 'yar sakandare aka kulle wa akawun. A matsayina na mahaifi me zan yi?

Ku tuntuɓi malamin ajinta ko ofishin makarantar kai tsaye, domin akawun na yara ƙanana galibi ba a ba su damar sake kalmar sirri da kansu. Kafin nan, ku hana 'yan gida ci gaba da gwadawa. Sau da yawa yaya ya gwada, ƙane ya gwada, uwa ta gwada, kowa da niyyar taimako, adadin ya cika. Idan an ba da sabuwar kalma, ku rubuta ta a littafi ku ajiye a wurinku, kuma idan yara biyu ko uku ke amfani da waya ɗaya, ku tabbatar kowa ya fita daga nasa kafin na gaba ya shiga. Ku daure kada ku yi mata faɗa, yaron da ya ji tsoro ɓoye matsalar yake yi har ranar gwaji.

Wace irin kalmar sirri zan sa da ba zan manta ba?

Ƙa'idar Moodle ta asali tana neman aƙalla gurbi 8, da lamba ɗaya, ƙaramin baƙi ɗaya, babban baƙi ɗaya, da alama ɗaya kamar # ko *. Ka haɗa kalmomi uku ko huɗu na Hausa da ba su da alaƙa da juna, marasa baƙi mai lanƙwasa saboda dalilin da muka faɗa a amsar allon rubutu, ka sa lamba da alama a tsakani. Ka guji sunanka, shekarar haihuwarka, lambar wayarka da sunan garinku, domin duk ɗan ajinku ya san su. Kada ta zama ita ce ta Facebook ɗinka. Rubuta ta a takarda ka ajiye a gida ba laifi ba ne. A bayan katin shaida ko bangon littafin da ke yawo a aji ne bai dace ba. Idan kana da tabbatarwa mai mataki biyu a Google, wato wadda ke neman ƙarin shaida kamar lambar da aka aiko wa wayarka bayan kalmar sirri, ka sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da yake bayarwa ka ajiye su tare da takardar.

Na jira, na sake kalmar sirri, har yanzu ban shiga ba. Ko kuma na shiga amma ba darasi ko ɗaya.

To wataƙila ba kulle ba ne. Akwai dakatarwa, wadda ma'aikaci ke yi da hannu ko tsarin rajista ya yi, misali ga wanda bai kammala rajistar zango ba, ko ya jingine karatu, ko ya gama. Ita ba ta ɗagewa da jira, kuma sake kalmar sirri ba ya taɓa ta. Shiga ka tarar da fili kuwa yana nufin akawun ɗinka lafiya yake, ba a dai saka ka a darussan ba tukuna, ko malamin bai buɗe su ga ɗalibai ba. A duka biyun, ka fara da jami'in rajista na sashenku, ka riƙe rasit ɗin biyan kuɗi da fom ɗin rajistar darussa, shi zai tura sunanka ofishin ICT.